Ƙidayar Jan Biro

Shekara takwas Injiniya ya yi yana tsara layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu, wanda zai haɗa manyan birane huɗu na yankinsu. Tafiyar da mota ke yi a awa bakwai, jirgin zai cinye ta a awa ɗaya da rabi. Taswirar layin ta mamaye bango guda na ofishinsa a hawa na uku na hukumar sufuri. Matarsa takan ce da taswira na cin abinci, da ita za a fara zuba wa kafin yara.

Kuɗi ne kawai ya rage. Wani babban bankin raya ƙasashe ya yarda zai zuba, amma sai an nuna masa cewa mutum dubu arba'in za su riƙa hawa jirgin kullum.

Ƙidayar fasinjoji aikin Jan Biro ne, shugabar sashen ƙididdiga. Sunan ya bi ta ne saboda ba takardar da ke barin teburinta ba tare da jan gyara ba. Ita ta karɓi Injiniya ranar da ya fara aiki, sabon takalmi yana cizonsa, ta koya masa rubuta rahoto. Tun daga ranar yake ce mata Yaya, ita kuma take ce masa Dogo, har bayan da ya zama darakta a kanta.

Wata biyar ta yi tana zaga tashoshin mota da ma'aikatanta, suna tambayar matafiya ina za su, nawa suke biya, nawa za su iya ƙarawa. Wata safiya ta shigo ta ajiye masa fayil biyu.

"Dubu goma sha bakwai," ta ce. "Shi ma kara na yi maka."

"Yaya, ai ba za a kai wa banki wannan ba."

"To kai musu na ƙasan."

Ya buɗe. Shawara ce ta gyara tsohon layin dogo da ya daɗe a kwance, a ɗora masa jirgi mai tafiyar awa huɗu, mai tsayawa a garuruwa ashirin, a kan kwata na kuɗin.

"Yawancin waɗanda muka tambaya ba daga birni zuwa birni za su ba," ta ce. "Mace ce da kwandon kaya, za ta sauka gari na uku. Jirginka sai dai ta ɗaga masa hannu."

"In an gina, mutane za su zo."

"Da wane aljihun, Dogo? Tikitinka albashin kwana uku ne na malamin makaranta."

Kwana biyu ya yi yana neman kuskure a lissafinta, bai samu ba. Rana ta uku ya kira wani kamfanin masu ba da shawara. Cikin mako shida suka kawo rahoto mai sheƙi, da hotunan mutane suna murmushi a jirgi, da adadi dubu arba'in da biyu. Saura sa hannun shugabar ƙididdiga. Ta karanta tas, ta dawo masa da shi.

"Sun ƙirga har waɗanda ba a haifa ba," ta ce. "Ba zan sa hannu ba."

Bai ɗaga murya ba. Wasiƙa ya rubuta ta ƙarin girma: an naɗa ta shugabar sashen adana takardu, can ƙasan gini, bango ɗaya da ɗakin janareto. Mataimakinta ya hau kujerarta, ya sa hannu washegari. Da yamma masinja ya kawo wa Injiniya kwafin wasiƙar, ta gyara masa kalma biyu da jan biro.

Da labarin ya kai gida, matarsa ta ajiye wankin da take ninkewa.

"Baban yara, matar da ta yi jinyata mako guda lokacin haihuwar auta?"

"Aiki daban, zumunci daban."

"Faɗa wa wanda bai san ka ba."

Bayan shekara guda Jan Biro ta yi ritaya. Ranar liyafar sallamarta ya ce yana da taro, ya aika da agogon bango.

Banki ya saki kuɗin kashin farko. Aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hotuna, Injiniya yana tsakiya da hular kwano. Don a guje wa biyan diyyar gonaki, aka bi da sabon layin ta kan tsohon, aka tuge dogon kilomita saba'in aka sayar wa masu narka ƙarfe. Shi ya sa hannu a wannan ma. Ginshiƙan kankare suka tashi a jere, kowanne ya fi bene hawa uku.

A shekara ta huɗu, kafin a saki kashi na biyu, banki ya turo nasa masu ƙidayar. Suka samu dubu goma sha shida. Aiki ya tsaya cak. Masu faci da masu wankin mota suka kama inuwar ginshiƙan. Ba a kori Injiniya ba, an dai mai da shi mai ba da shawara, aka ba shi ƙaramin ofis mai kallon wurin ajiye motoci.

Sai aka kawo sabon shugaban hukuma, ya tambaya a taro ko an taɓa duba wata hanya mai sauƙin kuɗi. Injiniya ya ce an taɓa. Ya sauka ƙasan gini ya nemi fayil ɗin gyaran tsohon layin, aka ce ruwa ya ci shi tun bara.

Ranar Asabar ya tafi gidan Jan Biro. Ya same ta a baranda tana gyara wa jikarta aikin makaranta, gilashi a kan hanci, sanda a jingine.

"Dogo, ka yi furfura," ta ce. "Zauna. Ya mutan gida?"

Suka gaisa kamar jiya suka rabu, kuma wannan ya fi masa zafi. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta shiga ciki a hankali, ta fito da kwafinta a cikin leda.

"Ga shi. Amma ka san an gina shi a kan dogon da ka tuge. Yanzu kuɗinsa ya ninka, in ma an samu mai bayarwa."

"Na sani." Ya juya ledar a hannunsa. "Yaya, tun a lokacin na san ke ce da gaskiya. Na nemi kuskure ban samu ba."

"Na san ka sani. Da ba ka sani ba, da ba ka kai ni kusa da janareto ba."

"Ki yafe mini."

"Ni kam na yafe tuntuni, ba ni da ƙarfin riƙo. Kunnena na hagu ne dai bai yafe ba, ka riƙa magana ta dama." Ta cire gilashin ta goge. "Abin da ke damuna mutanen garuruwan nan ne. Na zauna da su a benci, na ce musu za a duba maganarsu."

Ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambaye shi auta, ya ce tana jami'a.

Ranar Litinin ya miƙa rahoton da sunanta a bangonsa, ya faɗa wa shugaban hukuma yadda aka yi tun daga farko. Shugaban ya saurare shi, ya yaba, ya kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau biyu.

Shekarar da Injiniya ya yi ritaya, Jan Biro ta koma wurin ɗanta a birni na huɗu, can ƙarshen layin. Sau ɗaya suka kai mata ziyara shi da matarsa, awa takwas a mota saboda hanyar ta ƙara lalacewa, ya dawo ya yi kwana uku a kwance da ciwon baya. Daga nan sai waya. Yakan kira ta farkon kowane wata, ya yi ta ɗaga murya, ita kuma tana cewa ya maimaita.