Ƙwayar da Senyo Ke Karɓo Mini

Shekara biyu ina yi wa malaman makarantarmu ta unguwar Adenta a Accra fariya da mijina. Kullum da safe, kafin in ɗaura ɗankwali, Senyo zai shigo da kofin ruwa a hannu ɗaya, ƙwayar maganina a ɗaya hannun. Shi ke zuwa asibiti duk wata ya karɓo mini, tunda shagonsa na gyaran firiji yana kan hanyar, ni kuma ba na iya barin yara 'yan aji uku su kaɗai. Har cewa nake yi, wadda mijinta bai kai Senyo ba ta yi haƙuri kawai.

Ciwon damuwa ne ya kwantar da ni bayan rasuwar mahaifiyata. Na daina ci, na daina wanka, sai da aka kwantar da ni a asibiti sati uku. Senyo ya gani da idonsa, domin shi ya cicciɓe ni ya sa a tasi. Maganin da aka ɗora ni a kai ya tashe ni tsaye, na koma aiki, na koma cin dokunu da soyayyen kifi har ina neman ƙari. Amma ya ɗauke mini wani abu. Jikina ya yi shiru. Mijina zai taɓa ni, ina son sa har raina, amma kamar ta cikin bargo yake taɓa ni.

Na daɗe ina jin kunya kafin in faɗa wa Dakta Quaye, likitata, wata dattijuwa mai furfura wadda ba ta san kwana-kwana ba.

"Esinam, shi ne kika zauna da wannan wata takwas?" ta ce. "Ke ce ta huɗu yau. Maganin ne, yana dakushe ji. Amma mun gwada biyu kafin mu dace da wannan, ba na son in taɓa shi, ke ma kada ki kuskura ki daina. Akwai na'urar tausa mai girgiza, irin mai dogon hannu da babban kai. Mata da yawa tana taimaka musu. Ki tafi da mijinki ku zaɓa tare."

Na ce, "Dakta, ni fa mai waƙa ce a coci."

"To, masu waƙar coci da katako aka sassaƙa su?"

Da na gaya wa Senyo, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce idan inji ne ai sana'arsa ce, shi zai duba. Ranar Asabar muka hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa unguwar Osu, wani shagon kayan kwalliya da likitar ta kwatanta mana. Mai shagon, Sista Lamiley, ta dube mu sau ɗaya ta ɗaga labulen ɗakin baya.

"Ku shigo, ba cizo suke ba. Kai kuma Bra, ɗan'uwa, daina kallon ƙasa, ba kai ka fara zuwa ba, fastoci ma sun zo."

Ta jera guda huɗu a kan tebur, kowace kamar makirufon coci. Na miƙa hannu ga 'yar ƙarama mai ruwan hoda, ta buge mini hannu.

"Wannan ta amare ce, zizar sauro kawai take yi. Ke da magani ya dakushe ki, mai gurnani kike so, wadda girgizarta ke shiga ciki. Kawo tafin hannunki."

Ta kunna wata babba ta ɗora mini, sai da na ji har gwiwar hannu. Senyo ya karɓa yana jujjuya ta, yana tambayar ƙarfin injin, kamar firijin wani aka kawo masa. Mai igiya ta fi ƙarfi, in ji Sista Lamiley, amma in aka ɗauke wuta sai ku yi ta kallon juna. Mai caji ta fi sauƙin riƙewa. Sai maganar ƙara, domin gidan haya muke, bangon da ke tsakaninmu da maƙwabciya ko tari ka yi sai ta ce maka sannu. Muka tsaya kan mai caji, mai laushin kai, mai mataki biyar, wadda ba ta cika ƙara ba.

"Daga na ɗaya za ki fara, kuma ta kan zane," ta ce. "Kada ki yi gaggawa. Bra, kai ma ka koyi haƙuri, ba kishiyarka ba ce, 'yar aikinka ce."

Senyo ya yi dariya, shi ya zaɓi launi, shuɗi. A hanya ya saya mini kelewele, soyayyar agada mai yaji, da zafinta, muka ci a takarda ɗaya. Ranar na ji babu macen da ta kai ni sa'a a duk Accra.

A satin nan ya karɓo maganin wata. A asibitinmu ba a ba da kwali. Mai ba da magani ƙirgawa yake daga babbar kwalba ya zuba a 'yar ambulan ta leda, ya rubuta "ɗaya da safe" da biro. Na lura ƙwayar ta ɗan fi ta da ƙanƙanta, Senyo ya ce sun canja kamfani. Sun saba yin haka, ban ko sake tunawa ba.

Kwana kaɗan sai jiri ya kama ni, da wani abu kamar wutar lantarki na tsarga mini kai in na juya ido. Senyo ya ce gajiya ce, ya dafa mini miya mai yaji. Bayan sati biyu jirin ya wuce. Daga nan kuma jikina ya farka. Abin da na fidda rai da shi ya dawo, har wani lokaci ba ma ko buɗe akwatin da na'urar take. Na yi ta sa wa Dakta Quaye da Sista Lamiley albarka. Senyo kuwa yana tafiya yana fito kamar wanda aka yi wa sarauta.

A wata na uku ne nauyin damuwar nan ya fara dawowa. Na san shi tun daga nesa. Abinci ya koma kamar tauna takarda. Wata Talata ina rubuta lissafi a allo, hawaye ya zubo mini ba dalili, yara talatin suna kallona. Tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan, maganin da ya cece ni ya daina aiki. Ban jira ranar ganin likita ba, ban kuma gaya wa Senyo ba don kada hankalinsa ya tashi. Na roƙi wata malama ta riƙe mini aji, na tafi asibiti.

Dakta Quaye ta saurare ni ta ce wataƙila a ƙara yawan maganin, amma in fara zuwa tagar ba da magani a tabbatar mata da ƙarfin wanda nake sha. Mutumin tagar ya duba katina, ya duba kwamfutarsa, ya ɗago kai.

"Madam, ai tun Disamba ba a karɓi maganinki ba."

"A'a, duba da kyau. Mijina ke karɓa. Ga shi ma."

Na zaro ambulan daga jaka. Ya zuba ƙwaya biyu a tafinsa, ya juya su da yatsa.

"Wannan bitamin ne. Kowane kemis na bakin hanya yana da shi. Rubutun nan ma ba namu ba ne."

Na karɓa na duba. Rubutun da ke kan rasiɗan shagon gyaran firiji ne, yadda Senyo yake ja wa lamba ɗaya ƙafa a ƙasa. Wata uku ina kallonsa kowace safiya.

Da rana tsaka na same shi a shago, ya durƙusa bayan wani firiji. Na ajiye ambulan a kan murfin.

"Efo," na ce, yadda nake kiransa don girmamawa, "mene ne wannan?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Esi, zauna mana."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da muka je Osu."

"Kai da ka yi ta dariya? Kai ka zaɓi launi fa."

"To kuka kike so in yi a gaban matar? Ina namiji, a ce sai an sa wa abu caji kafin matata ta ji ni? Na ce bari in gwada wata ɗaya. Kuma kin ga ai kin dawo. Ni kika ji, Esi, ba wancan abin ba."

"Jirin da na yi fa? Ka san dalili, ka dafa mini miya."

"Ai ya wuce."

"Yau na yi kuka a gaban yara. Kai ka ɗauke ni ka sa a tasi, Senyo. Ka ga inda ciwon nan ke kai ni."

"Na ɗauka kin warke," ya ce a hankali. "Matata nake so ta dawo."

Abin da ya fi ƙona mini rai, har a lokacin fuskarsa ta mai jiran godiya ce. Ban yi ihu ba, ko ƙarfin ihun ba ni da shi. Wata uku yana miƙo mini ƙarya da hannunsa, ni kuma ina haɗiyewa ina cewa Allah ya saka.

Aka mayar da ni kan magani daga ƙaramin mataki. Sai da na yi sati bakwai ina jan ƙafa kafin ƙasa ta sake tsayawa a ƙarƙashina, jikina kuma ya koma shirunsa kamar da. Wata Asabar da la'asar, yana shago, na ciro shuɗiyar na'urar nan, na yi yadda Sista Lamiley ta ce, daga na ɗaya, ba gaggawa. An ɗau lokaci, amma abin ya zo, da maganin a jikina. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai yawa. Ashe da ya yi haƙurin 'yan makonni, da mun samu duka biyun. Ban gaya masa ba, kuma ban san ranar da zan gaya masa ba.

Muna gida ɗaya har yanzu. Ni nake zuwa asibiti da ƙafata, maganin yana cikin jakata, jakar kuma ba ta rabuwa da kafaɗata. Malamai sukan tambaye ni ina labarin mijin nan nawa na zinariya, sai in ce yana lafiya. Kullum da safe yana shigowa da kofin ruwan, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira. Ni kuwa da yawuna nake haɗiye ƙwayar.