Jitar Abdulgani Tela

Jitar ta wani malamin makaranta ce ɗan Ghana. A shekarar 1983, da aka ce baƙi marasa takarda su koma ƙasashensu, ya bar wa Abdulgani ita a shagonsa na ɗinki da ke Kalgo, ya ce ta yi masa yawa a kaya. Kafin nan ya nuna masa inda ake ɗora yatsu, da ɗan kiɗan rawa irin nasu.

Abdulgani bai riƙe da yawa ba. Abin da kunnensa ya saba da shi molo ne, na kawunsa Bawa da ke kiɗa a Gwandu. Sai ya sassauta tsirkiyoyin har suka kusanci muryar molo, yana bugawa da babban yatsa da manuni. In tsirkiya ta tsinke, ya warware wayar birkin babur ya ɗaura. Karin waƙoƙinsa kuwa daga mahaifiyarsa Dije ya ɗauko, irin wanda take yi wa shanu lokacin tatsa. Ba ya wasa kowa. Waƙar shinkafa yake yi, da ta ambaliya.

Wata ranar kasuwa ya je Gwandu ya kaɗa wa kawun nasa. Bawa ya saurara har ƙarshe yana taunar goro.

"Kawu, ya ka ji?"

"Kiɗina na, yaro. Amma ka cika gaggawa. Molo numfashi shikai, kai ba ka barin tsirkiya ta numfasa."

Tun daga ranar ya rage hannu, yana barin tsirkiya ta gama kukanta kafin ya taɓa ta gaba.

Bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, wani ma'aikacin rediyo ya tsaya a shagon a ɗinke masa aljihu, ya ga jitar a rataye. Ya dawo da rikoda ya ɗauki waƙa biyu. Ta ambaliyar ba a taɓa sa ta ba. Ta shinkafar aka yanke farkonta, ta zama kiɗan buɗe shirin manoma, ba tare da an faɗi mai ita ba.

Matarsa Huseina ta ce ya je gidan rediyon ya yi magana. Ya ce zai je in ɗinkin sallah ya ragu. Da ya ragu damina ta faɗi, ya tafi gona a Wurogauri. Shirin ya yi shekaru ana sa shi, kuma Bawa, har ya rasu, in ya ji kiɗan a rediyo cewa yake yi wani ɗan Nijar ne ya kaɗa.