Da Aka Ɗaga Gidan Kulsum

Duk wanda ya zauna a New Bell, cikin birnin Duwala, ya san gidajen unguwar Hausawa nutsewa suke yi a hankali. Titi ake ta ɗagawa, kowane mai hali kuma yana cika filinsa da yashi don gudun ruwa, har gidan da a da ake hawa dakali a shiga ya koma sai an gangara. Gidan marigayi Alhaji Mahmudu yana cikin waɗanda ake gangarawa. Shi ya sa ranar da babban ɗansa Mahdi ya ce zai rushe ɗakunan katako, ya cike gidan, ya ɗora bene a kai, kowa ya sa masa albarka. Uwarsa Kulsum ma ta sa, amma hankalinta yana kan bayan gidan.

A katangar bayan gidan akwai wata 'yar ƙofa da sai an sunkuya ake wucewa. Tana ɓullawa gidan Azumi, aminiyar Kulsum. Shekara ɗaya aka kawo su Duwala suna amare, mazajensu suka fasa musu ƙofar don kada sai sun fita titi. Ta nan aka miƙa gishiri da garwashi, ta nan aka ruga ranar naƙuda, ta nan kowacce ta tsallaka ta riƙe 'yar'uwarta ranar da aka fita da gawar mijinta. Yanzu gwiwoyin Azumi sun ƙi, Kulsum ce ke shiga kowace safiya da kofin kunu. Ɗan Azumi, Idi, mai sayar da albasa a kasuwar Dakar ta nan cikin gari, ya daɗe yana naci sai ya ɗauke uwarsa ya kai ta wurinsa a unguwar Nylon. Kullum amsarta ɗaya ce, ba ta barin Kulsum. Ita ma Kulsum ba ta san yadda ake wayewar gari babu Azumi ba, kuma ba ta son ta koya da tsufanta.

Ƙarƙashin ƙofar kuwa akwai kwata. Gidan Azumi a kwari yake, a bayan gidaje, ruwansa ba shi da mafita sai ya bi ta nan, ya ratsa tsakar gidan Kulsum, ya faɗa babbar magudanar titi. Ba a taɓa zama an yi maganar ba. Ruwa ne ya ga hanya, mazan suka ƙyale shi.

To, ga inda matsalar take. Mahdi ɗan fari ne. Kulsum ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa garin Garwa, bai dawo Duwala ba sai da gemu. Haka aka yi mata tarbiyya, haka ta ga uwarta ta yi, har tana alfahari da cewa duk unguwar ba wadda ta kai ta kunyar ɗan fari. Saboda haka ta kira matarsa Raliya.

"Ki gaya wa mutumin naki, duk abin da zai taɓa ya taɓa, ban da wajen Azumi."

"To, Dada."

Raliya ta je ta ce Dada ta ce kada a toshe ƙofar baya. Ta dawo da fara'a. "Ya ce *pas de problème*, ba matsala, har matakala za a yi miki."

Kulsum ta ji sanyi. Zancen ruwa kuwa ba ta ga dalilin faɗa ba. Ai ko kajin gidan sun san inda ruwa ke bi.

Aka fara aiki da rani. Aka tattara matan gidan da yara da tukwane aka cusa su a zaure da wani ɗaki guda na gaba. Wanda bai taɓa zama a gidan da ake gini ba kada ya ce ya san haƙuri. Siminti a cikin miya, siminti a cikin gashi, ƙarar guduma tun kafin a shanye shayi. Ga ƙarti baƙi cike da tsakar gida ba riga, dole mace ta wuni cikin hijabi a zafin Duwala, banɗaki kuma leda ce kawai aka kewaye. Yaron Raliya ya kama tari ya ƙi saki. Tun makon farko ma'aikata suka jibge bulo a bakin 'yar ƙofar, wai na ɗan lokaci ne. Zagayawa ta titi zuwa gidan Azumi tafiya ce mai nisa ta cikin lungu mai santsi, don haka Kulsum ta koma aika kunun da jika, hira kuma sai ta kan katanga.

Wata rana tana zaune a bakin zaure ta ga ana turo yashi a baro ana juyewa. Tana kallo kwatar ta shige ƙarƙashin yashi, aka bi da duwatsu, aka daddaɓe. Mahdi yana tsaye ba nisa, yana magana da magini cikin Faransanci. Ta so ta tsai da su. Ta yaya za ta ɗaga murya ta kira shi a gaban ƙarti? Da wane suna ma? Can gefe ta hango wasu bututu a jingine, sai ta ce wa ranta ai na ruwan ne, za su binne daga baya. Da yamma ta sa Raliya ta tambaya ko an tuna da ruwa. Raliya, da yaro a kafaɗa yana ta tari, ta leƙa ta dawo.

"Sun ce komai yana cikin *plan*, Dada."

Gaskiya suka faɗa. Ruwan gidan Mahdi kam yana ciki.

Damina ta sauka lokacin da aka zuba rufin ɗakunan ƙasa aka fara ɗora ɗakunan sama. Ruwan Duwala ba ya wasa, in ya fara sai ya manta da tsayawa. Karon farko tun zuwanta garin Kulsum ta ga an kwana ana ruwa, tsakar gidanta a bushe. Maƙwabta suna shigowa kallo suna cewa ma sha Allah. Amma kowace safiya, kafin ma'aikata su iso, tana jin wani sauti daga bayan katanga, ƙarar kwano yana kartar ƙasa, a kwasa a zuba, a kwasa a zuba.

"Azumi! Kin tashi lafiya?"

Sai kartar ta tsaya. "Lafiya lau, Kulsum. Ya aiki? Allah ya sa a gama lafiya."

"Me kike kwasa haka?"

"Ɗan wanke-wanke ne."

Ta tambayi jikar da ke kai kunu, yarinyar ta ce a bakin lungu ake karɓa, Iya Azumi ta hana a bar ta ta shiga. Kawaici abu ne mai kyau, amma wani lokacin har haushi yake ba mutum. Ga tsofaffi biyu da suka san juna ciki da waje, ɗaya tana jin kunyar ta ce kun cuce ni, ɗaya tana tsoron ta ji. Kulsum ta san abin da ke faruwa. Ta sani sarai, ta yi ta ba kanta haƙuri da cewa gobe za a kwashe bulon ta gani da idonta.

Ranar da ta kira sau da yawa ba a amsa ba, ta zura hijabi ta fita cikin yayyafi. Ta zagaya ta titi, ta bi lungun tana dafa bango. Tun daga bakin gidan ta cire takalmi, don ruwa ya wuce idon sawu, baƙi, mai wari, da ledoji suna yawo a kai. A ɗaki ta tarar da Azumi zaune a kan gado, an ɗora ƙafafun gadon a kan duwatsu. Tabarmar salla tana rataye a ƙusa tana ɗiga. Buhun gero ya tsiro. Ƙafafun Azumi sun kumbura sun yi fari, tsakanin yatsun duk ya tsage.

"Tun yaushe?" in ji Kulsum.

"Tun ruwan farko."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In ce me? In ce yaro ya daina gina gidan ubansa?" Azumi ta ja zane ta rufe ƙafafun. "Zauna mana, kin tsaya a ruwa."

Kulsum ba ta zauna ba. Ta koma gida ƙafa ba takalmi, ta tarar da Mahdi a tsakar gida shi da magini da ma'aikata.

"Mahdi!"

Guduma ta tsaya. Raliya ta leƙo da ludayi a hannu. Shi kansa sai da ya waiga bayansa, kamar akwai wani mai sunan. Uwarsa ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido, ta faɗa masa komai. Ya saurara har ta gama. Mahdi ba mugu ba ne, fuskarsa ta nuna abin ya buge shi.

"Dada, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ni ban taɓa yin damina a gidan nan ina yaro ba. Ban san akwai kwata ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

Nan take ya sa aka kwashe bulon. Magini ya duba, ya auna, ya girgiza kai. Daidai kan tsohuwar kwatar aka kafa ginshiƙin da ke ɗauke da benen, in aka fasa wurin, sama za ta tsage. Ko an fasa ma, gidan yanzu ya fi na Azumi tudu da kusan ƙugun mutum, ruwa kuwa ba ya hawa. Mahdi ya kawo injin zuƙar ruwa, ya yi aiki kwana kaɗan, sai dai duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi ake ɗauke wuta. Ya roƙi maƙwabcin gefe ya bari a ja bututu ta gidansa, mutumin ya ce shi ma da ƙyar yake numfashi da ruwan nasa gidan. Aka kawo shawarar a cike gidan Azumi, aka ga in an cike sai an shiga ɗakunan da rarrafe. Daga ƙarshe Mahdi ya zo ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Ɗakin ƙasa na kusa da naki ya kusa kammaluwa. Iya Azumi ta dawo nan. Ita ma uwata ce."

Kulsum ta ji kamar an sauke mata dutse. Washegari da hantsi ta sauka ta sabuwar matakalar, ta sunkuya ta shiga da albishir a bakinta. Sai ta tarar da Idi yana ɗaure katifa da igiya, tukwane an haɗa su a cikin zane. Ya gaishe ta a taƙaice, ya ɗauki kaya ya fita wajen motar da ke jira a bakin lungu.

Kulsum ta zauna a gefen gadon kusa da Azumi ta faɗi abin da Mahdi ya ce. Ta ƙara da nata, ɗaki da tagar iska, banɗaki a ciki, ba sauran tsallaka komai, sai dai a miƙa hannu a taɓa juna. Azumi ta saurara tana murza carbi.

"Allah ya yi masa albarka. Ki ce na gode."

"To ki ce wa Idi ya kwance kayan."

"A'a."

"Don Allah, Azumi. Fushi kike da yaron?"

"Shi? Na yafe masa tun ranar farko, bai sani ba." Ta ɗago kai. "Ke kuwa kin sani, Kulsum. Kina jin kwanona kowace safiya. Ina jin takunki a bayan katanga, ki tsaya, ki koma."

Kulsum ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Ba gori nake miki ba," in ji Azumi a hankali. "Ni ma da na buɗe baki da ba a kai nan ba. Amma ina ta kokawa da zuciyata a kanki, har yanzu ba ta kwanta ba. In na shiga gidanki ina cin tuwonki, kullum sai na ce na gode, sai na ce ba komai, alhali da komai. Ban taɓa yi miki ƙarya ba sai a daminar nan, kuma ba na son in ƙarasa kwanana ina yi. Bari in je inda zan yi kewarki. Wataƙila can ta huce."

"In ba ta huce ba fa?"

Idi ya dawo, ya juya baya ya durƙusa, ya goyi uwarsa kamar yarinya. Kulsum ta bi su cikin ruwan har bakin lungu. Aka zaunar da Azumi a gaba, aka gyara mata ƙafafu. Ta leƙo ta taga.

"Koma gida, kin jiƙe. Ki shafa man zafi a gwiwar nan."

Motar ta tashi a hankali saboda ramuka, ta sha kwana wajen masallaci. Kulsum ta daɗe a tsaye, masu babur suna kauce mata, kafin ta juya ta zagaya ta titi.

A bakin gida Raliya ta tare ta da tayil biyu a hannu, fari da ruwan ƙasa, wai magini yana tambaya wanne za a sa a ɗakin nan na kusa da nata, tunda baƙuwa za ta shiga.

"Ku sa wanda kuka ga dama," in ji Kulsum. "Ba mai zuwa."