Fuska Ɗaya, Ƙofa Biyu

"Kai, ka yanke ni," in ji Tela, muryarsa can ƙasa.

Direba ya janye rezar da sauri. Ɗan jini ya tsattsafo a haɓar ɗan'uwansa, ya gauraya da kumfar sabulu. Abin ya ƙona masa rai. Wannan haɓar ai tasa ce: tagwaye ne su, irin waɗanda ko uwarsu sai ta duba zaren da ta ɗaura wa ɗaya a hannu kafin ta san wanda ta shayar. Kullum da safe yana aske irin wannan fuskar a madubi, amma yau da ya zo mata ta gaba, hannu ya ƙi.

"To ka daina motsi mana."

"Wane motsi ya rage mini? Bar shi haka. Kira mini shi."

Direba ya yi kunnen uwar shegu, ya dangwala tawul a ruwa yana goge kumfar.

Gidan mahaifinsu suka raba da katanga, kowa da ƙofarsa. Direba ya cika nasa da mata da 'ya'ya. Tela ya kafa keken ɗinki a ɗakin gaba, sannan ya kawo Mai Aski, wai ɗan haya ne. Duk layin sun san ba haya ba ce. Tela bai taɓa sha'awar mace ba, zuciyarsa ga namiji ta karkata, kuma da wannan mutumin ya yi zamansa har gemunsu ya yi fari. Kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa, tunda ɗinkin yana da kyau.

Da ciwon zuciya ya ci ƙarfin Tela, asibiti suka ce a koma gida, sai babbar yayarsu ta iso da jakarta da dokarta: dangi za su yi ta zuwa dubiya, kada su tarar da mutumin nan a bakin gado. Direba ne ya isar da saƙon, har da rawar jiki. Ya ce don mutuncin gida ne. Mutuncin ina! Kishi ne tsagwaronsa. Kafin zuwan Mai Aski, Tela nasa ne shi kaɗai: gado ɗaya, kwano ɗaya, duka ɗaya in an yi laifi. Yanzu da ya sami dama, so yake idon ɗan'uwansa ya rufe a kansa, ba a kan wani bare ba. Tun ranar Mai Aski ya koma shagonsa a tsallaken titi, yana wuni a kan benci yana kallon ƙofar.

Direba ya fito falo zubar da ruwan, ya tarar Yaya da matarsa sun buɗe tsohuwar shari'ar.

"Kaka ce ta ɓata shi," in ji Yaya. "Yaro namiji, ki zaunar da shi cikin mata da zare da allura?"

"Ni dai na ce a jini yake," in ji matar. "Kawunku na wajen uwa fa? Har ya mutu an ga matarsa?"

"In jini ne, ai jinina ne," Direba ya daka mata tsawa. "Ko akwai abin da kike son faɗa? Ke kuma Yaya, Kaka tare ta raine mu. Ni ma na sha zura mata zare a allura."

'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, tana jera magunguna a kan tebur. "Baba, ko masu bincike ba su kama abu ɗaya sun ce shi ne ba. Gado yana da nasa kason, amma ba shi kaɗai ba ne. Tagwaye irinku ma sau da yawa ba sa zuwa ɗaya."

"Ke, wa ya kasa da ke?" in ji Yaya.

Da Direba ya koma ɗaki, Tela yana murmushi da rabin fuska a aske. "Kun gama rabon laifin? Nawa Kaka ta samu?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Ku ƙyale baiwar Allah ta huta. Tun muna yara na sani, tun kafin in taɓa allura."

Direba ya zauna a bakin gado. "Kuma ba ka taɓa gaya mini ba. Shi ka gaya wa."

"Ta ina zan fara? In na dube ka, ni nake gani, irin wanda kowa yake so."

"Ciki ɗaya muka kwanta, ɗan'uwa. Me yake yi maka da ni ba zan iya ba? Ruwa? Magani? Juya ka? Duk ina yi."

"Kana yi, Allah ya saka." Tela ya ja numfashi da ƙyar. "Shi ba ya yin komai. Zama kawai yake yi."

Can bayan la'asar numfashin Tela ya sauya, yana fita da wani gurnani. 'Yar Direba ta riƙe hannun baffanta, ta ɗago ta dubi ubanta, ya gane. Ya sunkuya ya sa fuskarsa daidai idon Tela. Idon ya zame daga kansa, ya tafi ƙofa.

Direba ya so ya yi zamansa. Wa zai ce ya yi laifi? Amma sai ya ga kansa a tsakiyar titi, babu takalmi, wani mai babur yana zaginsa.

"Ka zo," ya ce wa Mai Aski, ba tare da ya dube shi ba.

Tsohon ya riga shi isa. Yaya ta tare ƙofar ɗakin da jikinta.

"Yaya, matsa."

"Kana cikin hankalinka kuwa?"

"Na ce ki matsa."

Ta matsa. 'Yarsa ta fito, Direba ya jawo ƙofar da hannunsa, ya tsaya a waje ya jingina da bango. Yana jin ƙus-ƙus daga ciki. Har wata 'yar dariya ya ji, siririya, wadda rabonsa da ita tun suna samari. Ta soke shi har ƙashi, don kwana da kwanaki yana jinya bai samu ko rabinta ba.

Sai shiru. Ƙofar ta buɗe a hankali.

"Ya cika," in ji Mai Aski.

Mata suka ɗauki salati. Tsohon ya ɗago kai zai wuce, idonsa ya faɗa kan Direba, sai ya tsaya cak. Ga goshin, ga hancin, ga bakin, duk da rai. Ya ƙura masa ido, hannunsa ya ɗan taso kamar zai taɓa kuncin.

Direba ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi jikoki da wannan fuskar, amma ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan kallon. Yau ma da aka yi, ba shi ake kallo ba. Sai ya ji kishin ya juya, ya koma kan wanda ke kwance a ciki.

A hankali ya juya fuskarsa ga bango, ya tsaya haka har ƙarar takalman tsohon ta fita daga gidan.