Kwalbar Aidin a Zauren Dabo

A zamanin da Bature ke shirin naɗe tabarmarsa, an yi wani mai unguwa a Dutsen Gayya, wani ɗan ƙauye a gefen Gwangwan, ana ce masa Dabo. Mutum ne mai kai kamar turmi. In ya ce daga yamma rana take fitowa, gara ka juya gadonka da ka tsaya musu. Ɗansa na fari, Aƙilu, shi aka kai boko, ba don Dabo na so ba, sai don an aiko daga gidan hakimi a Karaye a ba da yaro, aka zaga gari aka tarar kowa ya cusa nasa a rumbu.

Yaro kuwa ya kama karatu kamar an yi masa asiri. Daga elemantare sai midil a Kano, daga nan sai babbar makaranta a Zariya, har ya kai ajin ƙarshe, inda ya zaɓi abin da suke kira kemistiri, wato sanin abin da ke cikin abu, da yadda ake haɗa shi da yadda ake raba shi. Saura 'yan watanni ya zauna jarrabawar da ake aiko takardunta daga Ingila. In ya ci, hanyar karatun likita ta buɗe. In bai zauna ba, shekarun nan duka sun bi ruwa.

Da ya zo hutun bazara, uban ya sa aka kira shi zaure.

"Kai wannan," domin Dabo ba ya faɗar sunan ɗan fari, "tun gemuna na baƙi kake karatu, ga shi ya yi furfura. Ɗan Liman ya sauke, ya yi aure, har an yaye masa biyu. Kai me ka iya?"

Aƙilu ya gyara durƙuso. "Baba, abin da muke karantawa shi ne, duk wani abu da ka gani, ko ruwa ko ƙarfe ko gishiri, an yi shi ne da waɗansu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya iya gani."

"Kai ka gan su?"

"A'a, Baba."

"Malaminku fa?"

"Shi ma bai gan su ba."

"To ka ce mini aljanu kuke karantawa mana. Da hannu me kuke yi?"

"Muna da ɗakin gwaje-gwaje. Mukan ɗiga wani ruwa cikin wani, kaɗan-kaɗan, muna aunawa, har launinsa ya juya."

"Wuni guda?"

"Wani lokaci har da washegari."

Dabo ya tofar da tukar goro. "Akwatinka na nan a ɗakin uwarka, na sa an ɗora buhun gyaɗa a kai. Nuna mini abu ɗaya mai amfani kafin motar kasuwa ta tashi daga Karaye, in ba haka ba ga gona can, ita ƙwayoyinta ana ganinsu."

Aƙilu ya rasa tudun dafawa. Kwalabe da ma'aunai duk suna Zariya. Abin da ke aljihunsa kawai 'yar kwalbar aidin ce, irin wadda ake sa wa ciwo. Yana cikin wannan tunani sai ga Yelwa, matar Hammawa Bafillacen da ke ruga a bayan gari, ta yi sallama da ƙwaryar nono a ka. Tun jiya Aƙilu yake mamakin nonon nan. Shanu duk sun zama ƙashi da rai, ciyawa babu, amma nonon Yelwa kauri kamar kunu.

Ya karɓi ludayi guda ya zuba a ƙoƙo, ya ɗiga aidin. Nan take farin nono ya koma shuɗi mai duhu, kamar an tsoma shi a marina.

"Inna Yelwa," in ji shi, "akwai ƙullun gero a nonon nan."

Yelwa ta dubi ƙoƙo, ta dubi yaro, ta riƙe haɓa. "To sai me? Kai ɗan Kaɗo, ka je ka tatso saniya a wannan rani in gani. Shekara nawa ubanka yana sha yana lashe baki, ya mutu?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fice tana mita da Fillanci. Aƙilu ya juyo yana murmushi, a zatonsa ya ƙwaci akwatinsa. Sai ya ga idon uban ya yi ƙyalli irin na wanda ya tsinci dami a kala.

"Allahu Akbar. Ashe maganin kama maƙaryata ka samo."

"A'a, Baba, gari yake kamawa. Duk inda aka sami ɗan gero ko dawa ko rogo, in aidin ya taɓa shi sai ya..."

"Ta yi ƙarya ko ba ta yi ba?"

"Ta yi, amma..."

"Ya yi baƙi ko bai yi ba? To rufe mini baki. Karatu ya ƙare, ka samo abin da aka aike ka nema. Zariya kuma me za ka koma yi? Nan za ka zauna kusa da ni, kai da kwalbarka. Daga yau ba mai ƙara kai ƙara Karaye."

Haka Aƙilu ya tsallake rijiya ya faɗa kogi. Labari ya bazu har kasuwar Rogo, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Masu nono suka daina bi ta ƙofar gidan. Mata suka fara yi wa mazajensu barazana da "yaron mai unguwa". Ya je wurin uwarsa, ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uba, kuma ma da zai ɗiga wa ƙanwar ubansa kaɗan da ta ji daɗi.

Ana gobe motar kasuwa za ta tashi, sai ga shari'ar da Dabo ke jira. An sace ragon Hammawa. Duk garin an san Ilu mahauci ne ya sace shi, don ba wanda ya ga ya sayi dabba a makon nan, amma tukubarsa ba ta huta ba. Da hantsi zaure ya cika har waje. Dabo ya sa aka jera sababbin ƙwarya da tulun ruwa, ya yanke yadda za a yi da kansa: wanda ake zargi ya wanke hannun dama a ƙwarya, ya faɗi maganarsa a kan ruwan, yaro ya ɗiga.

Aƙilu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah. Wannan abu bai san rago ba."

"Kai da shi wa ya fi sani? Ɗiga."

Ilu ya matso, ya wanke hannu, ya ce shi rabonsa da ganin ragon Hammawa tun kaka. Aƙilu ya dubi maiƙon da ke yawo a kan ruwan, ya san abin da zai faru, domin mutumin da ya kwana biyu yana cin nama zalla ina zai sami gari a hannu? Ya ɗiga. Ruwa ya yi ɗan ja-ja, ya tsaya a nan.

Ilu da kansa ya leƙa ƙwaryar sau biyu, sannan ya miƙe ya gyara hula. "Alhamdu lillahi. Gaskiya dokin ƙarfe. Hammawa, na yafe maka."

"Ka yafe wa uban wa?" in ji Hammawa. "Mai unguwa, maganin nan naku na Haɓe ne, ya san danginsa!"

Aka fara guna-guni. Sai Liman Isyaku ya ɗaga hannu, don shi mutum ne mai son a ga ya raba gardama. Ya ce a kawo ƙwarya, zai nuna wa jama'a yadda ruwan mai gaskiya yake, a kwatanta da na Ilu. Bawan Allah bai daɗe da tashi daga kan fura ba, kuma da yatsa yake murje gayanta. Ya wanke hannu ya ce, "Ni Isyaku ban taɓa cin haƙƙin kowa ba."

Aƙilu ya runtse ido ya ɗiga. Ruwa ya yi baƙi ƙirin.

Wani daga baya ya ce, "La ilaha! Shekara da shekaru muna bin sa salla!" Wata tsohuwa daga bayan zana ta ɗaga murya, ta ce dama ita tun rabon gadon mijinta ta san za a rina.

Liman ya miƙe. "Ni za a tozarta? To wallahi ba mai fita daga zauren nan sai mai gida ya wanke nasa. Dabo, bismilla."

"Allah gafarta Malam, ai ni ne alƙalin."

"Alƙali ba shi da hannu? Wanke!"

Jama'a suka ɗauka: a wanke, a wanke. Dabo ya naɗe hannun riga yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Aƙilu ya hango ɗumamen tuwon safe maƙale a ƙarƙashin farcen uban.

"Baba, a bari."

Da bai faɗa ba ma da ya fi. Kowa ya ji, kowa ya miƙa wuya. Dabo ya harare shi, ya cuɗa hannu a ruwa da ƙarfi har da goge farce, ya ce shi tunda aka naɗa shi bai taɓa cutar talaka ba. Aƙilu ya ɗiga. Baƙin na Liman wasa ne a kan wannan.

Ba wanda ya yi salati a wannan karon. Dariya aka yi, irin wadda aka daɗe ana riƙewa. Hammawa ya ce to ashe maganin na aiki, a ba kwalbar haƙuri. Wani ya tambaya ina aka kwana a zancen gonar marayun marigayi Sulle. Wani ya tuna da bijimin da aka kama ranar jangali ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Dabo ya daka tsawa, ya shure ƙwaryar. Ya tsaya yana huci, yana neman inda zai ajiye kunyarsa, sai idonsa ya faɗa kan ɗansa.

"Kun ga illar karatun rabi! Wannan magani ɗanye ne, bai nuna ba. Yaro bai gama ba ya ɗebo ya taho, ga shi yana kamun liman yana kamun mai unguwa. Kai wannan, ba haka ba ne?"

Aƙilu ya san aidin bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ya kuma san ɓarawo na tsaye a bakin ƙofa yana sakace haƙori. Ya dubi Hammawa, ya dubi ƙasa.

"Haka ne, Baba. Sai a ajin ƙarshe ake koya mana ƙarashen."

"To gobe da sassafe ka bar mini gari. Kada in sake ganin ƙafarka sai da nunanne."

Liman ya ce wannan ita ce magana. Hammawa ya ce ragonsa fa, aka ce masa ya yi haƙuri har yaro ya gama karatu.

Washegari Aƙilu ya isa Karaye motar na shan mai. Yana hawa sai ga Ilu ya ratso mutane da ƙunshi a ganye, ya cusa masa a hannu.

"Malam Aƙilu, ga guzuri. Ka yi karatu a hankali, kada ka yi gaggawa. Ilimi ba ya son garaje."

Mota ta tashi. Aƙilu ya buɗe ƙunshin, balangu ne mai kitse, har yanzu da ɗuminsa. Ya yi niyyar jefar da shi, amma hanyar Zariya da nisa, kuma bai karya ba.