Rodin da Ya Ƙi Shiga Ƙasa

Tun da idon wani tsoho ya fara mutuwa, abin da ya rage masa shi ne rediyon da yake hira da mutanen nesa da shi, da doguwar eriyarsa a kan rufi. Damina na gabatowa, sai ya kira mijin 'yarsa, mai gyaran wuta, ya kafa masa rodin jan ƙarfe a bayan ɗaki, don in aradu ta faɗo ta bi waya ta shige ƙasa.

Rodin ƙafa takwas ne. Ya shiga ƙafa biyu ya tsaya cak, dutse ne a ƙasa. Mai gyaran ya sauya wuri sau huɗu, yana dukan rodin da guduma har tafin hannunsa ya yi kanta. Ga wani aikin na jiransa. Ya waiga, babu kowa. Ya ɗauko zarto ya yanke abin da ya rage a sama, ya ɗaura waya.

"Ya shige duka?" tsohon ya tambaya daga taga.

"Ya shige, Baba."

"Madalla. Da ma na ce wa abokaina aikinka ba ya son a sake dubawa."

Kwana uku maganar tana cin mai gyaran. A rana ta huɗu hadari ya haɗu da rana tsaka, matarsa ta ce, "Ka san Baba, ko sama za ta tsage yana gaban rediyon nan." Ya ajiye cokali ya fita.

Ya tarar da tsohon da abin magana a hannu. Ya cire wayar eriyar, sannan ya durƙusa ya faɗi gaskiya.

Tsohon ya ajiye abin maganar. "Ai na ji ƙarar zarto," in ji shi. "Ido ne ba ni da shi. Tun ranar ake kashe mini rediyon da an ga gajimare, yanzu ma a kashe yake. Jira nake in ji ko za ka dawo."

Da ruwa ya ɗauke, mai gyaran ya kawo diga ya haƙa dogon rami a kwance, ya shimfiɗa sabbin rodi uku, ya haɗa su, ya binne. Yini biyu ya ɗauke shi. Tsohon ya sa masa albarka, amma sai da ya sa aka kama masa hannu ya shafa kowane mahaɗi da kansa.