Matar da ke Cikin Wayar Baba Zaharadden

"Baba Zaharadden, don Allah a rage muryar matar nan," na ce, ina dukan bangon da ya raba ɗakunanmu a unguwar Bagdadiyya ta Jidda.

"Halas, na ji, Turai, saura kaɗan."

Bai rage ba. Matar a cikin wayarsa take, 'yar Koriya ce mai koya wa mutanenta Turancin neman aiki. Takan yi bayani da yarensu, ta jefo tambaya da Turanci, sai ta yi shiru don mai koyo ya amsa. Shi kuwa tsoho ya ware murya kamar ladan, ni da nake fama da ciwon kai ko oho.

A Jidda aka haife shi. Yana saurayi ya yi walda tare da Koriyawa a tashar jiragen ruwa, har yarensu ya zauna masa a baki. Yanzu kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a wurin hukuma, ya rufe shago, iƙamarsa ta izinin zama na gab da ƙarewa. In bai sami sabon kafili ba, Najeriya za a kai shi, ƙasar iyayensa da bai taɓa takawa ba. Wani kamfanin Koriyawa ya kira shi ganawar ɗaukar aiki, amma da Turanci za a yi.

"Ga masu koyarwa da Larabci birjik," na ce masa ranar da muka haɗu a matakala.

"Ya binti, 'yata, Turancin daga bakin Bakoriye zai fito. Gara kunnena ya saba." Ya tsaya yana haki, hannu a ƙirji. "Tambaye ni, wace takardar shaida gare ka?"

"Wacce gare ka, Baba?"

Ya buɗe tafukansa, duk tabon wuta. "Ga ta. Malamar ba ta zo kan yadda ake faɗarta ba tukuna."

Muka yi dariya, tari ya katse tasa.

Da safiyar ganawar 'yarsa Layan ta bugo ƙofata, a ruɗe, 'yar Hausar da take ji ta gudu.

"Khala, ta'ali. Baba." Wato inna, zo.

Na same shi a kujera, farar rigarsa a goge, takalmi a ƙafa ɗaya. Ya riga ya cika. Na durƙusa na cire masa shi, zuciyata ta karye.

Bayan maza sun kai shi makwanci, Layan ta zauna a bakin gadonsa.

"Yanzu ba mai fitar da shi daga Jidda, khala," ta ce.

Ta ɗauki wayarsa za ta sanar da kamfanin, yatsanta ya taɓa darasin. Matar ta yi tambayarta a hankali, sannan ta yi shiru tana jira. Ba wadda ta kashe wayar a cikinmu.